Makullin VPN yana fitowa a saman wayata, amma yana rufa min asiri kuwa?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi ta Instagram daga Unguwar Rimi. Tun 2021 da gwamnati ta rufe Twitter ƙanena ya saka min VPN na kyauta, wato manhajar nan da ke ɓoye inda mutum yake da abin da yake yi a intanet, har yau da shi nake amfani. Jiya ina wani shagon gyaran waya a titin Ahmadu Bello, na hau Wi-Fi ɗinsu, na kunna shi, ɗan makullin nan ya fito, ya ce ina Jamus. Ina buɗe Google sai ga gidajen abincin Kaduna. Gabana ya faɗi, domin da wayar nan nake duba kuɗin kwastomomi. Don Allah yaya zan gane yana aiki?

Abu Hanifa Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Makullin kaɗai ba shaida ba ne. Ki kashe VPN ɗin, ki shiga ipleak.net, ki rubuta lambar IP da ta fito, wato adireshin wayarki a intanet, a takarda. Ki kunna shi, ki sake shiga. Dole lambar da ƙasar su canza. Sai ki gangara inda aka rubuta DNS, wato mai nemo wa wayarki adireshin shafin da kika buɗe. Idan kin ga sunan kamfanin layinki a wurin, tulun naki yana yoyo: kamfanin yana ganin sunan duk shafin da kika nema. Ki duba WebRTC ma, wato fasahar kiran murya da bidiyo a burauza, ta nan burauza kan tona ainihin lambar IP ɗinki.

Ummi Tudun Wada:
Anti, maganar Google kada ta dame ki. VPN ba ya taɓa GPS, kuma kina cikin asusunki na Gmail, ai sun san ki.

Injiniya Rigasa:
Ni kyautar ce ta fi damuna, Hajiya. Duk abin da kike yi ta hannun mai VPN ɗin yake bi, to da me yake biyan ma'aikata? Onavo, VPN ɗin Facebook, kyauta ne, a 2018 aka cire shi daga shagon Apple saboda tattara bayanan mutane. In kin samu amintacce, a saitin Android ki kunna Block connections without VPN, don in ya yanke intanet ɗin ya tsaya cak.

Maman Khalifa:
Na gwada yanzun nan. IP ya koma Jamus, amma a DNS sunan layina ne ɓaro-ɓaro. Na goge VPN ɗin. Allah ya saka da alheri. Injiniya, wanne ake iya biya da katin naira?