Wai Larabawa sun daina yarda da kafofin sada zumunta?

Bashir: Jama'a, ni dai na ce Larabawa sun dawo daga rakiyar Facebook da X. A 2011 a Masar, shafin Facebook na "Kulluna Khalid Sa'id" (wato "Dukkanmu Khalid Sa'id ne", matashin da 'yan sanda suka kashe) na cikin waɗanda suka kira mutane zanga-zangar 25 ga Janairu, cikin kwana 18 Shugaba Mubarak ya sauka daga mulki. Yau wa zai amsa irin wannan kira a Masar?

Malam Nura: Bashir, tsoro daban, rashin yarda daban. Ina karatu a Azhar. Dattijon da nake haya a gidansa, kowace safiya da kofin shayi a hannu yake bin Facebook, a nan yake jin farashin dala da labarin rasuwa. Amma ka taɓo gwamnati, sai ya kife wayar a kan tebur. Tun 2018 dokar Masar ta ba hukuma damar sa ido kan mai mabiya sama da 5,000 kamar gidan jarida, har a toshe shafinsa.

Bashir: To Malam, wurin da ba ka iya buɗe baki, ka yarda da shi ke nan?

Hajiya Rabi: Ina bayan Bashir. A 2022 kotun Saudiyya ta yanke wa ɗaliba Salma al-Shehab shekara 34 saboda rubutun Twitter (X a yanzu), kafin daga baya a rage. A shekarar ne kuma kotu a Amurka ta kama wani tsohon ma'aikacin Twitter da laifin yi wa Saudiyya leƙen asiri. Ga kuma shafukan bogi da su kansu Larabawa ke kira "ƙudajen intanet". Wallahi abin na ci mini rai.

A'isha: Hajiya, ku dubi Sudan. Bayan kisan masu zanga-zanga na 3 ga Yuni 2019 a Khartum sojoji sun rufe intanet fiye da wata guda, don sun san a nan jama'a ke jin juna. Da garin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disamba 2023, kwana uku ba mu ji ɗuriyar goggona ba. Saƙon murya na WhatsApp ne ya zo, muryarta a dishe, tana cewa sun isa Gadarif.

Hajiya Rabi: Allah sarki. Amma 'yata, muryar goggonki kika yarda da ita. Da baƙo ne ya rubuta a Facebook fa?

A'isha: Da sai na bincika, gaskiya. A makon nan ma an yaɗa rasuwar wani maƙwabcinsu, ashe yana raye.

Malam Nura: Abin da nake faɗa ke nan, Bashir. Dattijon nan ma sai ya ga wanda ya turo labari kafin ya ɗauka.