Neman kalma: me za mu kira gidan da ake kiwon tururuwa a ciki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanakin baya na kawo wannan tambaya, an ba da shawarwari masu yawa, na gode. Yau ga inda na tsaya da dalilina.

Ga waɗanda ba su ga farkon zancen ba: ɗan yayana ne, yaro ɗan sakandare, ya tsinci uwar tururuwa a gindin katanga washegarin ruwan farko na bana. Ta riga ta karya fikafikanta, tana ta zagaye tana neman inda za ta haƙa rami. Ya ce shi kiwonta zai yi. Da na zauna in rubuta masa yadda ake yi da Hausa, sai na tarar babbar kalmar ma ba mu da ita a hannu. Turawa suna cewa fomikariyam, daga sunan tururuwa a harshen Latin. Gida ne na gilashi ko roba ko filasta, mai ɗakuna da hanyoyi, da mutum ke yi wa tururuwa don ya riƙa kallon rayuwarsu. Wani Bafaranshe, Charles Janet, ya nuna irinsa a baje kolin duniya na Paris a 1900, ka ga abin ba na jiya ba ne.

Mutum uku sun ce "gonar tururuwa". Wannan fassara ce ta sunan da Milton Levine ya sa wa kayan wasan yara da ya fara sayarwa a Amurka a 1956. Ban karɓa ba. Gona wurin shuka ne da girbi, kuma irin waɗancan akwatuna galibi ma'aikata kaɗai ake zubawa ciki, babu uwa, cikin 'yan watanni duk su mutu. Ba shi ne kiwon da muke magana ba.

Keji da akurki na wuce su da sauri: na tsuntsu ne da kaji, wurin tsarewa ne. "Suri" kuwa na gara ne, gara kuma ba dangin tururuwa ba ce, ta fi kusa da kyankyaso. Wani malami ya tuna mana aya ta 18 a Suratun Namli, inda tururuwa ta ce wa 'yan'uwanta su shiga gidajensu kada rundunar Annabi Sulaiman ta tattake su, ya ce ai "gidan tururuwa" ya isa. Allah ya ƙara wa Malam sani, magana ce mai nauyi. Sai dai in ka ce gidan tururuwa, kowane Bahaushe ramin da suka haƙa da kansu a bakin gona zai hango, da tsabar gero zube a bakinsa. Mu kuwa muna neman sunan wanda hannun mutum ya yi.

Nan wata baiwar Allah da mahaifinta mai kiwon zuma ne ta jefo kalmar da ta tsaya mini a rai: amya. Ku duba da kyau. Zuma tana da gidanta na Allah-da-ikonsa a kogon itace. Amma in mutum ya saƙa ciyawa, ya shafe da kashin shanu, ya turara, ya ɗaura a reshen ɗorawa don zuma ta shiga ta zauna, wannan amya ce. Gida ne da mutum ya tanada wa ƙwari masu uwa ɗaya da dubban ma'aikata, su kuma su ci gaba da harkarsu ciki yadda suka saba. Wannan ai shi ne abin da muke nema. Don haka na zaɓi "amyar tururuwa". An ce amya da zuma ake saninta, tururuwa kuwa ba ta ba da komai. Gaskiya ne, amma sunan bai rataya ga abin da ake ɗiba ba, ga ginin yake.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai farawa shi ne kada ya yi gaggawar sa uwar cikin amya. Da farko siririyar kwalbar gwaji ake samu, a zuba ruwa kamar sulusinta, a tura dunƙulen auduga har ya taɓa ruwan ya tare shi, a saka uwar a sauran wurin, a toshe baki da busasshiyar auduga. Sai a naɗe da takarda a ajiye a duhu, inda babu zafin rana kuma babu jijjiga. Wannan kwalba na kira ta "ɗakin jego". Uwar tana kulle, ba ta fita, ba ta da aiki sai ƙwai da renon tsutsa, kuma kafin 'ya'yan fari su fito akan yi wata ɗaya zuwa biyu, wato arba'in ɗin na nan tsakiya. Wata ta ce ai mai jego kunun kanwa da gasasshen nama ake ɗura mata, ita kuwa wannan ba ta cin komai. Haka ne ga ire-ire da yawa: naman da ke kaɗa fikafikanta ne ke narkewa a jikinta, da shi take rayuwa, da shi take ciyar da tsutsotsin baki da baki. Duk da haka na bar sunan, domin yana koya wa yaro abin da ya fi komai wuya, wato ya ƙyale ta. Ɗan yayana sai da na hana shi buɗe takardar kullum, don uwar da aka dama tana iya cinye ƙwanta. Muka yi yarjejeniya: leƙe ɗaya ran Juma'a.

Juma'a ta shida muka ga guda huɗu, ƙanana ƙwarai, launinsu bai gama nuna ba, suna ɗaukar ƙwai suna matsar da shi kusa da jiƙaƙƙiyar auduga. Su ne 'ya'yan fari, ba ma bukatar wata kalma. Daga ranar abinci ya fara. Ɗigon ruwan sukari ko zuma da aka sirka, bai fi kan ashana ba, a kan 'yar takarda, don babban ɗigo yana nutsar da su. Wannan na manya ne. Tsutsa kuwa nama take so: ƙafar fara, ko guntun gyare, sau biyu a mako, kuma kada a ɗauko ƙwaron da aka fesa wa fiya-fiya ko aka tsinta a ɗakin da aka kunna maganin sauro. In tururuwar nan ce tamu mai jidar hatsi, a ƙara mata gero da riɗi da acca, a farfasa da farko tunda bakin ƙananan bai yi ƙarfi ba. Abin da ya kwana bai ƙare ba a cire, in ba haka ba fumfuna ta kama kwalbar.

Sai sun kai kamar 20 zuwa 30 ake tunanin amya, ita ma ƙarama. In ɗakuna suka yi musu yawa, sai su mai da na banza juji. Akwai kuma akwatin da ake haɗawa da amya ta bututu, inda ake ajiye abinci su fito su ɗauka su zubar da shara. Shi na kira "tsakar gida", babu wanda ya ja. Ana shafa hoda ko basilin a bakinsa ta ciki don kada su haura.

Saura kalma ɗaya da ban rufe ba. Da yawa suna cewa "sarauniya", ni kuwa kun ga "uwa" nake ta rubutawa, domin ba ta ba da umarni, haihuwa ce aikinta, kuma duk wanda ke gidan ɗanta ne. Tana iya daɗewa sosai, an taɓa kiwon wata a Jamus ta kusa shekara 29. Masu kiwon zuma na Katsina da Maraɗi da Damagaram, don Allah ku faɗa mana yadda kuke kiran ta zuma a bakin amya, in ya dace sai mu bi ku. Na ɗan yayana yanzu sun kai 11, har yanzu suna ɗakin jego.