Ƙarin kuɗin kira da data: surutun 'yan majalisa holoƙo ne?

Malam: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wurin mai shayi wani ya dage cewa duk abin da 'yan Majalisar Wakilai suka yi kan ƙarin kuɗin kira da data holoƙo ne, hadarin kaka. Ranar 20 ga Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50. Ranar 11 ga Fabrairu ɗan majalisa Oboku Oforji daga Bayelsa ya kawo ƙudiri, majalisa ta nemi ministan sadarwa Bosun Tijani da NCC su dakatar da ƙarin sai sabis ya gyaru. Ba a dakatar ba. Ni dai ina ganin mutumin bai yi wa majalisa adalci ba, amma ina son jin ta bakinku.

Injiniya: Wa'alaikumus salam Malam. Ni ma ƙarin ya ci aljihuna, amma a faɗi gaskiya. Kafin wannan ƙarin, rabon da a taɓa farashin tun 2013, lokacin dala tana wajen naira 160. Sa'ad da aka yi ƙarin ta haura 1,500, kuma kusan duk na'urar da ke jikin eriya da dala ake sayo ta. Eriyoyin nan yawancinsu da janareta suke kwana suke wuni, ga tsadar dizal, ga ɓarayin batir, ga masu aikin titi da ke datse waya a ƙarƙashin ƙasa. MTN kaɗai ta bayyana asarar sama da naira biliyan 400 a 2024. Kashi 100 kamfanonin suka nema, aka ba su rabi. Ɗan majalisar da ya ce a dakatar, sai ya faɗa mana inda za a samo kuɗin dizal.

Mai POS: Yallaɓai Injiniya, ban musa lissafinka ba. Amma zo ka zauna a runfata ranar kasuwa. Makon jiya wani dattijo ya zo cirar dubu 40 zai biya kuɗin buhun masara. Na sa katinsa, na'ura ta yi ta juyi, na ɗaga ta sama, na fita bakin titi da ita. Shi alat ya shigo masa an cire, ni kuma ko sisi bai faɗo ba. Mai masara na tsaye, dattijo na rantsuwa, mutane sun taru ana kallona kamar na ci amana. Daga aljihuna na ba shi don a rabu lafiya. Na yarda in biya ƙari, amma a ba ni abin da na biya. Abin da Oforji ya faɗa ke nan.

Ɗan Auta: Kuma Yaya, ba a kashi 50 aka tsaya ba. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, wannan mun gane. Amma datar 15GB ta mako da ake saya 2,000 sai ga ta 6,000, har sai da mutane suka yi caa sannan MTN ta fito ta ba da haƙuri. Da kowa ya yi shiru, wa zai ba da haƙurin?

Hajiya: Ku duk kuna maganar waya kamar kayan ƙawa. Gwamnati da kanta ta kwashe hidimominta ta zuba a cikin wayar nan. 'Yata da za ta yi rajistar JAMB, sai da ta tura lambar NIN ɗinta zuwa 55019 kafin a ba ta lambar da za ta sayi fom. A ƙauyenmu sabis sai an hau tudun bayan makaranta. Sau uku tana turawa ana cire kuɗi, amsa ba ta zo ba, ƙarshe mota muka biya zuwa cikin gari. Bashin karatu na NELFUND ma ta intanet ake nema. Ƙanena Injiniya, in ka tilasta wa mutum bin hanya ɗaya, sannan ka ƙara kuɗin hanyar, ai dole wakilinsa ya tambaye ka dalili.

Injiniya: Wannan kam ba ni da ja, Hajiya. Sai dai ƙauyen da kamfani ke ganin ba riba, akwai asusun USPF da doka ta kafa don a kai masa sabis. A can ya kamata a matsa.

Lauya: To nan ne nake ganin mutumin wurin mai shayi yana da rabin gaskiya. Ƙudiri kira ne, ba ya ɗaure minista. Sashe na 108 na dokar sadarwa ta 2003 NCC ya ba ikon amincewa da farashi, kuma majalisa ce ta yi dokar. Amma sashe na 88 da na 89 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo da takardu. Kwamiti zai iya zaunar da minista da shugaban NCC, Aminu Maida, ya tambaye su: tun da aka yi ƙarin, eriya nawa aka kafa, a waɗanne ƙananan hukumomi? Kuɗin USPF ina suka tafi? Wane kamfani aka ci tara saboda yankewar kira? Minista na dawowa gabansu kare kasafin kuɗi kowace shekara, ga damar.

Malam: Barista, ke nan ka yarda tambayar tana da amfani.

Lauya: Tana da shi Malam, in an bi ta har gida. Ta kwana ɗaya a gaban kyamara ce ban yarda da ita ba.

Hajiya: To a rubuta mana tambayoyin nan a takarda da Hausa. Ɗan majalisarmu zai zo gida hutun sallah, ni zan jagoranci matan unguwa mu kai masa hannu da hannu, mu ce ya karanta su a zauren.

Mai POS: Hajiya a ƙara guda ɗaya: in kuɗin mutum ya maƙale saboda sabis, kwana nawa zai jira, kuma wa zai biya shi, banki ko kamfanin waya? Dubu 40 ɗina yau kwana shida.