Malaman kimiyya, ya kuke koyar da haske da sauti babu kayan gwaji?

Malam na Mabera:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare nan cikin garin Sakkwato, satin ga munka shiga darasin igiyar ruwa da sauti da haske. Na zo da igiyar guga yara biyu sunka riƙe, guda ya kaɗa, kowa ya ga tudun na gudu har ɗaya hannun amma igiyar na nan inda take, wannan kam ya shige su. Sai wata yarinya ta ce, Malam, to in sauti sai da iska yake tahiya, shi hasken rana mi yake kaɗawa tsakaninta da mu, tunda ka ce babu iska can? Na ba ta amsar littafi, ta yi shiru amma na san ba ta gamsu ba. Ba mu da ɗakin gwaji. Don Allah ya kuke yi?

Malama Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da turmi nake farawa. In mata na daka can nesa za ka ga taɓarya ta sauka sannan daga baya ka ji dum, duk yaron da ya taɓa zuwa ƙauye ya san wannan, kawai ba a taɓa tambayarsa dalili ba. Sauti na cin kamar mita 340 a daƙiƙa cikin iska, da zafin nan namu na Afrilu ma ya ɗan fi haka, shi ko haske kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Ka fitar da su fili, yaro guda ya yi nisa sosai ya buga murfin tukunya, sauran su duba hannunsa su kuma saurara. In damina ta zo su ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan, amma daga cikin ɗaki don Allah.

Tsohon malami:
Malama kin yi bayani mai kyau amma gudu kika amsa, yarinyar ba gudu ta tambaya ba. Malam ka riƙe yarinyar nan da kyau, tambayar da ta yi ita ce ta hana manyan masana barci shekara da shekaru. Su ma cewa suka yi dole akwai wani abu da ya cika sararin samaniya wanda haske ke kaɗawa, sai a 1887 Michelson da Morley suka yi gwaji a Amurka don su gano shi, ba su samu komai ba. Ka gaya mata haka kai tsaye. Sauti turereniya ce, iska ta tura ta gaba da ita, ita ma ta tura ta gaba, in babu mai turawa magana ta ƙare. Haske kuwa ƙarfin lantarki da na maganaɗisu ne ke kaɗawa tare, ba sa neman iska ko ruwa su hau, shi ya sa yake ratso kilomita miliyan 150 ya iso mu cikin minti 8 da ɗan kai. Waɗanda suka sauka duniyar wata a 1969 da rediyo suke magana da juna ko suna tsaye kusa, don babu iskar da za ta ɗauki murya, rediyo kuma dangin haske ne. Kuma ka bar igiyar gugar nan ga ruwa kawai, in ka ja ta har kan haske kai da kanka ka koya musu cewa sai da abin riƙewa.

Ɗan Runjin Sambo:
Baba da girmanka, maganaɗisu ga 'yan ƙaramar sakandare ai sai su watse, ni dai ban kai su can. Abin da hannu ya taɓa shi ke zama. Ka barbaɗa gero kan fatar ganga ka buga kusa da ita su ga yana tsalle, ka huda gwangwanin madara biyu ka haɗa da zare, in zaren ya miƙe ana ji, in ya saki ko wani ya kama tsakiya shiru. Na haske kuma ka rufe tagogi ka kunna tocila ka kakkaɓe dasta a gabanta, ƙurar alli za ta nuna musu layin a miƙe, ka sa madubi su ga ya juya, sai cokali cikin kofin gilashi da ruwa ya fito kamar ya karye. Ban da haska madubin rana a idon juna, sai ka tsaya kansu.

Malam na Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Geron da gwangwani zan yi da aji duka, bayanin Baba kuma zan ba ta ita da masu son ji bayan an tashi. Baba, in ta ce to mi ya sa haske ke karyewa cikin ruwa fa?

Tsohon malami:
Gudunsa ke raguwa, cikin ruwa kamar kilomita 225,000 yake yi a daƙiƙa. In ya shiga a karkace gefe guda ke riga shiga ya rage gudu, sai ya lanƙwasa. Ka sa ta leƙa cokalin ta sama sannan ta gefen kofi, ta gaya maka bambancin da kanta.