Aminina ya kamu da shan tramadol, ta yaya zan taimake shi?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum. Ina da amini wanda ya fara shan tramadol saboda ciwon baya, amma yanzu ba ya iya fita aiki sai ya haɗiyi ƙwaya, kuma adadin kullum ƙaruwa yake yi. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, sannan yana yawan neman rance a wurina. Shin in matsa masa ya daina nan take, ko in ja jikina?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka matsa masa ya daina farat ɗaya shi kaɗai. Tramadol dangin kodin ne, jiki yana sabawa da shi, saboda haka idan aka yanke shi lokaci guda sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso, kuma wannan azabar ce take mayar da mutane ruwa. Likita yakan rage adadin sannu a hankali, ko ya yi amfani da magungunan da ke sauƙaƙa wahalar dainawa, wato methadone ko buprenorphine, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya daina na wasu makonni sannan ya koma, domin adadin da ya saba sha a dā yana iya tsayar masa da numfashi. Idan ka same shi ba ya farkawa, yana numfashi da ƙyar, ka kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.

Wanda Ya Daina:
Ɗan'uwa, kada ka ba shi kuɗi a hannu. Idan magani yake buƙata, ka raka shi ka biya da kanka. Ka yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban mutane ba, domin gori bai taɓa hana ni sha ba, sai dai ya koya mini ɓoyewa.

Uwar Yara:
Batun rufin asirin ne ban gamsu da shi ba. Wanda yake kwana gida ɗaya da shi ya kamata ya sani, tun da yawan tramadol yana jawo farfaɗiya. Ka ba shi zaɓi, ko ya faɗa da bakinsa ko ku je tare.