Na maƙale a babi na huɗu, alƙaluman halartar ɗalibai sun gagare ni

Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin nazarin manufofin gwamnati a nan Abuja. Bincikena kan shirin ciyar da 'yan firamare ne, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, ina son in gano ko ya ƙara yawan yaran da ke zuwa aji a makarantun Kwali da Abaji. Babi uku sun wuce, na huɗu ya ƙi motsi saboda rashin alƙaluma.

Na rubuta takarda ga ofishin da ke riƙe da bayanan bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ce a ba da amsa cikin kwana 7. An buga mini hatimin karɓa a kwafina, yau mako 6 ke nan shiru. Na koma sau uku, kullum sai a ce oga ba ya nan.

Daga nan na bi makarantun da ƙafata. A guda biyu an fito mini da rajistar kiran suna, amma ta shekarun kafin shirin, ruwan sama ya lalata ta, shafuka sun manne, wasu azuzuwan ma babu su sam. In babu na da, da me zan kwatanta na yanzu?

Malamin da ke duba aikina ya ce hira da malamai kaɗai ba za ta wadatar ba, kuma gaskiyarsa ne. Saura wata 2 in kare aikin.

Don Allah, wanda ya taɓa irin wannan bincike, ta wace hanya ya samu alƙaluman halarta na kowace makaranta na shekarun kafin shirin? Na gode.