Taƙaitawar shawarwari kan zane da littattafan yara a makarantun Kebbi

Ga abin da na tattaro daga mahawarar malamai da iyaye:

1. Mafi yawa sun yarda cewa yaron da ya ga rayuwar garinsu a littafi, kamar bikin kamun kifi na Argungu, Rigatar Yawuri (bikin wasannin kwale-kwale) ko tarihin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, yakan daina raina kansa har ya buɗe baki a aji. A ganina nan ne ƙashin bayan maganar.

2. A liƙa zanen kowane ɗalibi a bango, ba na gwanaye kaɗai ba.

3. An rabu kan zanen mutane da dabbobi, domin wasu sun ƙi saboda addini, suka fifita zayyanar allo da ginin tukwane.

4. Wasu sun nemi littattafan Dakarci da Zabarmanci, wasu suka ce Hausa ta wadatar.